Ledar da Na Buga wa Babana

Ina da ɗan shago a unguwar Albarika, a Parakou, ɗaki biyu da baranda. Mu a nan atelye muke ce masa. Aikina zane ne: katin biki, allon shago, tambarin da mata ke liƙa wa kwalbar zuma ko ta man kaɗe, kalandar da 'yan kasuwa ke rabawa. Ina zanawa a odinate, wato kwamfuta, ƙananan ayyuka in buga su a ɗakin ciki. Manyan kuwa akwai wani inji mai faɗi da ya cinye rabin ɗakin gaba, shi ke buga bash. Bash shi ne ledar nan mai kauri, mai zare a cikinta, da ake ratayawa a bakin shago ko wurin taro. Duk wanda ya bi ta Gare, wato tasha, ya gan shi, a rumfar mai shayi, a bayan manyan motoci, ko'ina.

Sana'ar nan tana fitar da shara fiye da yadda mai wucewa zai zata. Kowane aiki yana da gefen da ake yankewa, kowane mako akwai wanda ya lalace a inji. Ni kuwa tun ina yarinya ba na son ɓarna, a gidan 'yan goro na tashi, inda ko ganyen da aka naɗe goro da shi ba a yar da shi sai ya gama amfani. Don haka na yi wa shagona tsari. Guntayen takarda in haɗa su in ɗinke, su zama ƙananan littattafan rubutu. Takardar da ta lalace, a bayanta nake gwaji. Gwangwanayen tawada ina tara wa mai kawo mini kaya ya koma da su. Guntayen bash kuma akwai wata tela a unguwar Titirou da nake kai wa, tana ɗinka jakar cefane da rigar kujerar babur. Duk lokacin da na je gida Djougou sai na dami mutane da wa'azin kada a yar da komai, har matar yayana ta sa mini suna madam shara. Ban taɓa jin haushi ba, muna wasa da ita sosai.

Akwai kwali guda a saman kanta da ba na haɗa shi da sauran. Duk takardar da ta lalace mai ɗauke da aya ko sunan Allah, nan take shiga. In ya cika sai in tafi da shi Djougou wurin Baffa, ƙanen babana, wanda shi ne malamin unguwarmu. Ya ƙona su a cikin wata tsohuwar tukunya, ya binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta bi. Takarda ba ta da wahala, minti kaɗan ta zama toka.

Bash ne matsalar. Shi ya sa na kafa doka a shagona: ba na buga aya a kan bash. A takarda zan buga, a sa cikin gilashi. A katako zan sa a rubuta da fenti. Amma a leda, a'a. Wani alhaji da zai buɗe shagon kayan gini ya taɓa tsayawa a barandata yana faɗa, wai ni wace ce da zan hana shi rataya maganar Allah a ƙofarsa. Na tambaye shi in rana ta cinye ledar nan bayan shekara biyu, ina zai kai ta. Ya ce wannan ba ruwana. Na ce da ruwana, tunda hannuna ne zai buga. Ya tafi wani wuri aka yi masa. Na rasa masu kawo aiki da dama a kan wannan, kuma ban damu ba. In faɗi gaskiya ma, har alfahari nake yi da abin.

Sai babana ya rasu, farkon damina.

Babana ɗan goro ne kamar babansa, mutum marar son hayaniya. Hotonsa guda ɗaya muke da shi, na katin shaida, shi ma don dole aka ɗauka. Bayan an yi addu'ar bakwai na koma Parakou. Saura kamar kwana goma a yi arba'in, Yaya ya kira ni. Shi ne babba a ɗakinmu, yanzu kuma gidan ya dawo hannunsa.

Ya ce, "Za ki yi mana bash. Mita huɗu. Hoton Baba a tsakiya, a sama ki sa ayar da ake karantawa in an yi rashi."

Na ce, "Yaya, ka san ba na sa aya a bash."

"Wannan dokar shago ce. Ni maganar Baba nika yi miki."

Na ce zan yi a kan farin yadi, in samu mai rubutun hannu ya rubuta, bayan taro a wanke yadin a yi amfani da shi. Ko kuma in buga a takarda mai kyau, a jingina a kan tebur. Ya yi wata dariya da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ce a arba'in ɗin maƙwabcinmu an rataya bash da ake hangowa tun daga bakin titi, kuma su ba su da ɗiya mai inji. Ya ce mutane za su zo daga Parakou, daga Malanville, har daga ƙetare, su tarar da ƙyalle kamar an shanya wanki. Sannan ya faɗi wadda ta shige ni.

"Kin yi wa masu sai da giya allo, kin yi wa 'yan siyasa. Ubanki ne kaɗai za ki yi wa rowa?"

Ban taɓa yi wa mai giya allo ba, ya sani. Amma wanda ke son ya ji maka ciwo ba ya tsayawa tantance gaskiya. Na kira Inna ina tsammanin za ta goya mini baya. Tana cikin takaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ku dai kada ku yi faɗa, mutane na ji." Shi ke nan abin da ta ce.

Kwana biyu ina juya maganar. Yaya ya aiko da saƙo cewa in ba zan yi ba zai kai wa wani. Na san wanda zai kai wa, na kuma san aikinsa. Zai ja hoton ya miƙe, fuskar Baba ta yi faɗi kamar faranti, ya zuba masa furanni ja da ɗorawa a gefe. Na ce wa kaina tunda dai za a yi, gara hannuna ya yi. Na ce wa kaina zan karɓo shi da zarar an tashi daga taro. Da irin waɗannan maganganun na lallashi kaina, kuma ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Yini guda na yi a kan hoton nan. Ƙarami ne, ya sha aljihu, akwai hatimi da ya ci gefen kafaɗarsa. Na goge hatimin, na gyara inuwar hular, na fito da idanunsa. Akwai wani ɗan tabo a gefen girarsa, inda igiyar huhun goro ta taɓa tsinkewa ta doke shi, na bar shi yadda yake. Ina aiki ina kuka. Na zaɓi leda mafi kauri da nake da ita, da tawadar da ruwa da rana ba sa ci. Da injin ya fara fito da shi, goshi tukuna, sannan idanu, sai da na fita baranda na zauna. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Ranar arba'in aka rataya shi a jikin katangar ƙofar gida. Mutane suka yi ta yabo. Yaya yana tsaye a ƙarƙashinsa yana karɓar gaisuwa, yana cewa ƙanwata ce ta yi, sai ka ce ba shi ya zage ni a kai ba. Daga safe zuwa azahar aka gama addu'a, aka raba sadaka, aka watse. Abin da aka yi wa wannan rigimar duka bai wuce rabin yini ba.

Washegari da zan tafi na ce a sauke mini. Yaya ya ce a bar shi kwana biyu, akwai masu zuwa gaisuwa daga nesa, zai ba direba ya kawo mini. Na kira bayan mako, ya ce an naɗe an ajiye. Na sake kira, ya ce yana nan lafiya lau, in daina damun shi. Aiki ya yi mini yawa, na daina tambaya.

Sai da kaka na koma Djougou, ɗauke da kwalina na takardu. Na shiga gida da sallama wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta fara zafi. A tsakar gida, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke bi, an shimfiɗa wata farar leda babba an baza masara a kai. An danne kusurwoyin da duwatsu. Kaji uku suna kai suna tsattsaga. Na wuce ta har na kai ƙofar Inna, sai na tsaya. Na ga zoben ƙarfen da ke gefen ledar, waɗanda ake zura igiya. Ni na buga su da hannuna, na san tazararsu.

Na ajiye kwalin, na je na ɗaga gefe ɗaya. Haɓar Baba ce, da ƙasa a manne.

Ban san lokacin da na ja ledar ba. Masara ta watse ko'ina, kaji suka tashi. Matar Yaya ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Lafiya? Mi ya faru?"

Na ce, "Kin san mene ne wannan?"

Ta ce, "Na sani mana. Ai shi ya sa na kifa shi. Don kada kaji su taka."

Na tsaya ina kallonta. Ba rainin hankali take yi ba, da gaske take. Ta yi tunani a kai, ta ga hoton surukinta da aya a sama, ta ce bari ta kare su daga kaji, sai ta juya su suna kallon ƙasa. Ƙasar da ake takawa da takalmi, da awaki ke bi, da ruwan wanke-wanke ke jiƙawa.

Na ce, "Aya ce kika kifa a ƙasa."

Sai a lokacin fuskarta ta canza. Ta dafe baki. Amma da yake na ci gaba da faɗa, na faɗi maganganun da bai kamata ba, ita ma ta ɗaga murya. Ta ce ta tarar da shi a jefe a ɗakin ajiya, ɓeraye sun fara cin gefe. Ta ce tabarmar shanya ta mutu. "Kuma ba ke ce kullum kike cewa kada a bar abu ya lalace a banza ba? Ba ke kike kai irinsa a ɗinka jaka ba?"

Sai haushin ya ƙaru. Abin da nake koya musu shekara da shekaru ta yi.

Yaya ya shigo ana cikin haka. Da ya ji abin da ya faru sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Bon, an yi kuskure. Leda ce, a kakkaɓe." Leda ce. Watanni kaɗan baya darajar ubanmu ce gaba ɗaya, yau ta zama leda. Na ce masa ba zan bar gidan nan ba sai an san yadda za a yi da ita, kuma na aika a kira Baffa.

Baffa ya zo da sandarsa. Tsoho ne, ba ya gaggawar magana. Ya sa muka ɗaga bash ɗin, ni da Yaya, kowa ya riƙe gefe. Ya daɗe yana kallon fuskar wansa. Tsakuwa ta kakkarce kuncin, ƙasa ta shiga cikin rubutun. Ya karanta abin da ya karanta a hankali, sannan ya ce a kawo tukunyarsa a ƙona, kamar yadda aka saba.

Na ce, "Baffa, wannan ba ya ƙonewa kamar takarda."

Yaya ya ce, "Komai na ƙonewa. A kawo ashana a gama, c'est tout, shi ke nan."

Na ce to a gwada tukuna. Na ɗauki almakashi na yanko ɗan siriri daga gefe, inda babu rubutu, bai fi tsawon hannu ba. Muka sa a tukunya a bayan gida, Yaya ya ƙyasta. Da farko ya ƙi kamawa, sai ya nannaɗe, ya fara narkewa yana ɗiga. Hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi, mai kama maƙogwaro. Baffa ya ja da baya yana tari har hawaye suka zubo masa. Inna ta yi magana daga ɗaki a rufe mata taga. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Da wutar ta mutu, abin da ya rage a gindin tukunya wani baƙin dunƙule ne mai danƙo, babu toka ko kaɗan.

Baffa ya share idonsa da bakin rawani. Ya ce, "A'a. Ba za a yi wa sunan Allah wannan ba."

Ya ce a kawo ruwa. Shi a saninsa rubutu abu ne da ake wankewa, duk rayuwarsa haka ya gani. Ya jiƙa yatsa a buta ya goga a kan harafi ɗaya. Ƙasar ta fita, harafin ya ƙara haske. Ya sa aka kawo sabulu, ya goga da kansa. Ina tsaye ina kallon tsoho yana fama da tawadar da ni na zaɓa don kada ta fita. Na ce masa akwai wani ruwa mai wari da muke wanke inji da shi, zai iya cire ta. Ya ce in an wanke, ruwan ina za a zuba shi? Na ce ba a zuba shi a gindin itace, yana kashe shi, ba a kuma kai shi kusa da rijiya. Ya ce to ba wanki ba ne wannan.

Saura binnewa. Ya tambaye ni wata nawa ƙasa za ta yi kafin ta cinye shi. Na ba shi labarin wani gini da aka haƙa wa tushe kusa da shagona, aka tono wani tsohon bash na talla, launinsa na nan, rubutunsa na karantuwa. Na ce, "Ƙasa ba ta cin sa, Baffa. Wata rana wani zai haƙa rami ya tono shi, ya jefar a juji."

Ya ajiye sabulun. Sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, duk wannan kin san shi kafin ki buga?"

Na ce, "Na sani."

"To don mi kika buga?"

Na nuna Yaya. Na fara zayyana yadda ya matsa mini, abin da ya faɗa, yadda ya ce ina yi wa ubana rowa. Baffa ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Shi bai sani ba. Ke kin sani."

Wallahi na ji kamar in fasa ihu. Yaya yana tsaye a gefe, hannu a aljihu, ya fita fes. Shi ya nema, shi ya zage ni, shi ya sha yabo, shi ya jefar a ɗakin ɓeraye, kuma jahilcinsa ya wanke shi. Ni da na ce a'a tun farko, ni ce mai laifi. Na so in ce wa Baffa wannan ba adalci ba ne. Ban faɗa ba, don ba a mayar wa Baffa magana, kuma don na san bai yi ƙarya ba. Alhajin nan na kayan gini na iya tsaya masa. Yayana ne na kasa, don ina tsoron a ce a Djougou ɗiyar marigayi ta yi rowa.

Baffa ya ce tunda ba ya ƙonuwa, ba ya wankuwa, ba ya binnuwa, sai a ajiye shi wuri mai tsarki, sama da ƙasa. Ya dubi Yaya. Yaya ya ce shi a ɗakinsa yake nafila, ba zai ajiye hoto ba. Baffa ya ce ɗakinsa cike yake da littattafai, kuma rufin na yoyo. Na naɗe shi na shiga wurin Inna. Ta ce in buɗe ta gani. Na buɗe daidai fuskar. Ta kai hannu ta taɓa inda tsakuwa ta karce, ta janye hannun.

Ta ce, "Tafi da shi. Ba ni iya kwana ɗaki ɗaya da shi."

Haka na fito da shi daga gidan da aka ce darajarsa ce. Ban yi wa Yaya sallama ba. Matar Yaya ta biyo ni har ƙofa tana ba ni haƙuri, na ce mata ba ita ba ce, kuma da gaske nake. A tasha direba ya miƙo hannu zai ɗora shi a saman mota tare da buhuna da akuya. Na hana. Ya ce a sa a but, bayan mota inda ake zuba kaya, na ce a'a. Na riƙe shi a tsaye tsakanin gwiwoyina, kansa na dukan rufin mota, ban bari gindinsa ya taɓa inda ake taka ƙafa ba. Tun daga Djougou har Parakou hannuna bai huta ba, matar da ke gefena tana ta tsaki.

Na wanke shi da ruwa mai tsabta a baranda, na shanya a igiya, na naɗe fuskar a ciki. Na sa kafinta ya kafa mini katako a can sama, kusa da rufi, na ɗora shi. Tela ta Titirou ta zo karɓar guntaye ta hango shi, ta ce wannan babba zai yi jaka goma. Na ce mata ba na ɗinki ba ne.

Babana an naɗe shi a farin yadi, an sa shi a ƙasa, ƙasa ta karɓe shi kamar yadda ta karɓi iyayensa. Bai bar wa kowa wahala ba. Ni ce na zauna yini guda na yi masa fuskar da ƙasa ba za ta karɓa ba, na ɗora mata aya a kai. Ina gaisawa da Yaya yanzu, a waya, gajeruwar gaisuwa. Bai taɓa tambayata ina abin yake ba.

Kwanan baya babbar 'yata ta zo hutu daga wurin karatunta. Na nuna mata katakon, na faɗa mata abin da ke kai. Na ce in ta Allah ta kasance a kaina, kada ta bari a sayar da shagon da shi a ciki, kada a ba tela, kada a ƙona, kada a binne. Ta saurare ni har na gama, tana kallon sama.

Ta ce, "To Mama, ni kuma in yi yaya da shi?"

Na ɗaga kai na dubi katakon. Na ce mata ta je ta ɗora ruwan shayi.